Ginin Ƙasa Ba Ya Son Kaɗaici

Duk ɗan Ghana da ya taɓa zama a aji, in ka ce masa Kulungugu, kafin ka rufe baki zai ce maka bam. Ran 1 ga Agusta 1962 Shugaba Kwame Nkrumah yana dawowa daga Tenkodogo, inda ya gana da Shugaba Maurice Yaméogo na ƙasar da ake kira Upper Volta a wancan zamani, wato Burkina Faso ta yau. Da ayarinsa ya tsallako iyaka, sai ya tsaya a wannan ɗan gari don ya gaisa da 'yan makaranta da suka yi layi suna jiransa. Nan aka jefa gurneti. An rasa rai, mutane da yawa sun jikkata, shi kuwa shugaban aka garzaya da shi asibitin Bawku aka cire masa ɓaraguzan ƙarfe daga jiki. Abin bai tsaya nan ba. Aka kama uku daga cikin manyan na hannun damansa, Tawia Adamafio da Ako Adjei da Cofie Crabbe. Da kotu ta wanke su a watan Disamba 1963, Nkrumah ya tuɓe Alƙalin Alƙalai Arku Korsah, kuma a farkon 1964 aka yi ƙuri'ar raba gardama da ta mayar da Ghana ƙasa mai jam'iyya ɗaya.

Tarihi ne babba, babu mai musu. Sai dai tun daga ranar aka ɗaure garin a turken yini guda. Baƙo in ya zo, wurin da bam ya tashi ake kai shi, ya ɗauki hoto a jikin abin tunawa da aka kafa, ya koma mota. Ba ya tambayar inda fatake suke kwana tun ba a san da wata iyaka a nan ba. Ni da na tashi a zangon Bawku, kuma nake da dangin uwa a Kulungugu, abin da na sani na garin daban ne: layin manyan motoci masu jiran takarda, da masu canjin sidi da sefa, da buhunan albasa, da wasu tsofaffin gidajen ƙasa a bayan titi waɗanda kowace damina sai ta ɗebi rabonta daga jikinsu.

Ba Kulungugu kaɗai ke da wannan ƙaddara ba. Je ka Salaga, za a kai ka kasuwar bayi, inda aka dasa kuka a gurbin tsohuwar da ta faɗi, a nuna maka tsofaffin rijiyoyi, a zarce da kai Wankan Bayi da Rafin Angulu. Bahaushe ba ya bukatar tafinta a nan, don da harshenmu aka raɗa sunayen, kuma kowa ya san abin da zai sa angulu ta yi dandazo a bakin rafi. A Yendi za a nuna maka kabarin Babatu, jagoran mayaƙan Zabarmawa da suka addabi ƙasar Gurunsi da farautar bayi, da maƙabartar Jamusawa, a ba ka labarin yaƙin Adibo na 1896, sannan a yi ƙasa da murya a nuna maka inda tsohuwar fadar Gbewaa take, wadda aka ƙona a watan Maris 2002, aka kashe Ya-Na Yakubu Andani na Biyu da mutane da dama. Bawku kuwa ba ta bukatar mai rakiya. Kangayen gidajen da aka cinna wa wuta suna nan a unguwanni, kowa ya san na wane ne.

Ban ce a cire allo ko ɗaya daga waɗannan wurare ba. Al'ummar da ta binne abin kunyarta tana tare da maimaita shi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, duk inda muka zubar da jini mun kafa masa allo, amma inda muka zauna lafiya muka ci tuwo tare mun bar wa gara da ruwan sama. Yaron da ya zaga garuruwan nan huɗu da littafinsa a hannu zai koma gida da tunanin cewa kakanninsa ba su iya komai ba sai kamu da kisa. Alhali gari ba ya shekara ɗaruruwa yana cin kasuwa da kisa kaɗai. Akwai ɗakunan da suka riƙe shi, kuma babba a cikinsu shi ne zaure.

Mai karatu na Kano ko Katsina ya san sunan Gwanja ko bai taɓa zuwa ba, don goronta ya riga ta isa. Amma goro ba ya fitowa a ƙasar Gwanja. Daga kurmin Asante ake ɗauko shi a kawo Salaga, nan fataken Hausa suke tarar da shi. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sukan taso da ayarin jakuna, madugu yana shugabanta, jagaba yana gaba, uban dawaki yana shirya maganar fito da sarakunan hanya. Suna ɗauke da kanwa da rinannen tufa da jar fata, su yi watanni suna tafiya. Wasu su bi ta Borgu da Zugu da Sansanin Mango su faɗo Yendi, wasu kuma, tare da Mosawa masu shanu da tumaki, su gangaro ta Tenkodogo da Bawku da Gambaga. Kulungugu a kan wannan hanya ta biyu take.

To, mutum ya iso garin da bai san kowa ba, bai jin yarensu, ga dukiyar mutane a hannunsa, ina zai sa kansa? Zauren fatoma. Mai gida shi zai ba shi ɗaki da ruwan wanka da tuwon dare, ya adana masa kaya, ya yi masa tafinta, ya nemo mai saye, ya tsaya masa in an ba shi bashi, ya karɓi la'adarsa in ciniki ya faɗa. A zauren ake kwance huhun goro a yayyafa masa ruwa, a tsince wanda sankara ta kama kafin ya ɓata sauran. In ajali ya riski baƙo, mai gida ne zai yi masa sutura ya riƙe kayansa har danginsa su biyo sawu. Babu banki, babu kotun ƙasa da ƙasa, babu inshora. Ɗaki ne na ƙasa mai ƙofa biyu, da sunan mai shi. Kuma a faɗi gaskiya komai ɗacinta: a wasu zaurukan nan an yi cinikin ɗan Adam kamar yadda aka yi na goro. Wannan ma dalili ne na barin su a tsaye, domin labarin ya cika.

A irin waɗannan zauruka ne Alhaji Umaru, haifaffen Kano wanda mutanen Ghana ke kira Imam Imoru, ya karantar a Salaga. A nan ya haɗu da Bajamushen nan Gottlob Krause, da mutanen gari suka raɗa wa Malam Musa, ya rubuta masa labarai da Hausar ajami. Kasuwar ta fara ja da baya tun 1874, lokacin da Ingilishi suka ƙona Kumasi, Salaga ta ɓalle daga Asante, Asante kuma ta toshe mata goro. Yaƙin basasa na 1892 ya ƙarasa watsa garin. Mutanensa suka bazu, suka je suka ƙara wa zangunan wasu garuruwa ƙarfi. Alhaji Umaru ya koma Kete-Krachi ya zama limami, ya yi ta rubuta waƙoƙi da Hausa da Larabci har ya rasu a 1934. Tsohon garin Kete-Krachi yanzu yana ƙarƙashin tafkin Volta, tun da aka datse ruwa a Akosombo a tsakiyar shekarun 1960 aka tashi mutane wajen 80,000 daga gidajensu. Rubutunsa ya tsira don takarda tana da ƙafa. Ɗakunan da ya zauna ya rubuta su ba su da ita.

Gidan da na tashi a cikinsa a zangon Bawku jikan waɗancan gidaje ne. Mahaifin kakana ya zo da jakuna daga ƙasar Katsina, ya ga wuri ya zauna. Zaurensa zagayayye ne, mai kaurin bangon da yaro zai kwanta a kan dokin ƙofarsa, an rufe shi da azara da ƙasa, ga dakali a waje hagu da dama. Da asuba makarantar allo ce. Da hantsi wurin masu ɗinkin hula da masu kawo ƙara. Da azahar, lokacin da kwanon maƙwabta yake ƙara kamar ana soya shi, cikinsa sanyi kamar randa. Da dare kuwa kowane magidanci a gidan za a fito da akushinsa a ajiye, duk wanda dare ya yi masa a garin, Bahaushe ne ko Bamoshe ko Bayarabe, ya sa hannu. Akwai tabarmi uku a naɗe a bayan ƙyaure waɗanda mu 'yan gida ba mu da izinin taɓawa. Na baƙi ne.

Kowace bazara, kafin hadarin farko ya taso daga gabas, akan yi yaɓe. Maza su haƙo ƙasa su kwaɓa ta da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu tana ruɓa. A jiƙa ɓawon ɗorawa a fitar da makuba, ruwan nan ja mai sa yaɓe ya yi tauri ya ƙi shan ruwa. A hau soro a toshe tsaga, a gyara indararo. Mata su yi daɓen tsakar gida da madaɓi, suna bugawa tare suna waƙa. A wannan yanki matan Kusasi gwanaye ne wajen shafe bango, don a al'adarsu aikin mata ne, kuma maƙwabtanmu sukan shigo da ƙoransu da duwatsun guga ba tare da an aika musu ba. In nasu ya zo, samarinmu su je su ɗora musu jinka. Ba wanda ya taɓa kiran wannan da sunan taron zaman lafiya. Aiki ne kawai da hannu ɗaya ba ya iyawa.

Kakata, Allah ya jiƙanta, takan zauna a kan turmi tana ba da umarni. Wata shekara na yi mata ƙorafin cewa kullum gyara, kullum gyara, me zai hana a rushe a yi na bulo a huta. Ta dube ni ta ce, "Mai gidana, kai da ɗakin nan da ƙasa ɗaya aka yi ku. Kai ma in aka daina kula da kai wata uku, zubewa za ka yi. Ginin ƙasa ba ya son kaɗaici." Maganar tata ba camfi ba ce, kowane magini zai gaya maka haka. Ɗakin da ake kwana a ciki, ɗigon farko za a gani a toshe. Hayaƙin murhu yana korar gara daga itace. Tsintsiya tana hana ruwa kwanciya a gindin bango. Ka rufe ɗaki da kwaɗo ka tafi Kumasi, damina biyu ta ishe shi.

Haka namu ya tafi, ba da bam ba, ba da gobara ba. Kakana ya rasu, gida ya zama na gado. Magada sun fi ƙarfin yatsun hannu da na ƙafa, wasu a Kumasi, wasu a Nima da Mamobi cikin Accra, wasu sun bi sahara sun tsallaka Italiya. Kowa yana da haƙƙi a gidan, ba wanda yake da alhakin yaɓensa. Ambaliyar 2007, wadda ta rushe gidajen ƙasa masu ɗimbin yawa a arewacin Ghana, ta kwantar da ɗakuna biyu na baya. Zauren ya tsaya, amma da yake shi ne a bakin titi, shi ne mai kuɗi. Aka zauna aka yi shawara, aka rushe shi aka fitar da shaguna uku na bulo: mai cajin waya da tura kuɗi, mai kayan babur, da mai aski. Kuɗin haya yana biyan makarantar marayun gidan, don haka ba ni da bakin zagin kowa. Sai dai yanzu ta wani ɗan lungu ake shiga gidan, kuma baƙon da dare ya yi masa, tasha yake kwana.

Dole a yi wa masu bulo da kwano adalci. Ƙasar gini da a da ake haƙowa a bayan gari kyauta, yanzu filin na wani ne, sai an saya an biya mota. Giginyar da ake tsaga azara ta yi wuya. Samarin da za su yi gayya suna kan babur suna neman na abinci. Maginan da suka san hannun ƙasa sun tsufa, 'ya'yansu sun koyi aikin siminti don shi ke kawo kuɗi. Ga kuma maganar mutunci: saurayi in ya je neman aure aka ji a ɗakin ƙasa zai ajiye amarya, sai a fara kallon juna. Mun mayar da ƙasa alamar talauci, har mai kuɗin da zai iya riƙe ta ma yana gudun a gan shi da ita.

Wasu kuma sukan ce bari a raba gardama, a bar ginin ƙasar a shafe shi da siminti. Wannan shi ne kashe shi a tsaye. Bangon ƙasa yana shan danshi yana fitarwa, siminti kuwa yana kulle danshin a ciki. Daga waje sumul, ciki yana narkewa, sai rana ɗaya ɓawon ya ɓalle da rabin bangon. Masallacin Larabanga da ke ƙasar Gwanja, wanda mutanen garin ke cewa tun 1421 yake, ya ɗanɗana wannan. A shekarun 1970 aka shafe shi da siminti da niyyar alheri. Danshi ya taru, gara ta shiga itatuwansa, ginin ya fara lalacewa. Sai bayan da asusun kula da gine-ginen tarihi na duniya ya sa shi a jerin wuraren da ke cikin haɗari a 2002 aka kankare simintin, aka koma yaɓen ƙasa da hannun mutanen garin. A Djenné ta ƙasar Mali, babban masallacinsu na ƙasa yana tsaye ne don kowace shekara gari yakan fito kwansa da kwarkwata a yaɓe shi a yini ɗaya, kamar salla. A nan kusa da mu, wajen Garu, akwai tsohon masallacin ƙasa na Wuriyanga, amma matasan Bawku nawa ne suka taɓa zuwa ganinsa?

Akwai wani ɗakin taro kuma da mu mutanen zango ba mu cika son ambatonsa ba, wato gidan fito. Ni Musulmi ne, ban sha ba, kuma hukuncin addinina a kan giya a fili yake. Amma wanda zai ba da labarin tsofaffin gidajen Bawku da ƙauyukanta ya tsallake gidan fito, ya ba da rabin labari. Mata ne ke da sana'ar. Su jiƙa dawa ta tsira, su shanya, su niƙa, su dafa a manyan tukwane a kan murhun ƙasa, aikin kwana uku kafin ya nuna. Ran kasuwa, wadda a Bawku take ci duk bayan kwana uku, manoman Kusasi da Busanga da Mosawa sukan zauna a kan benci a inuwar gidan, kowa da ƙoƙonsa. A nan ake jin wanda ya mutu, da farashin akuya, da ranar da za a yi wa wane noman gayya. A nan ake fara sasanta rikicin iyakar gona kafin ya kai gaban sarki. Mai gidan ta san kowa da ubansa, ta san wanda za ta ce masa ya isa haka, tashi ka tafi gida. Likitoci da malaman makaranta da yawa a wannan yanki da kuɗin tukunyar uwarsu suka yi karatu. Dawar kuwa, sau da yawa a hannun ɗan zango ake aunota.

Abin da zaure yake gare mu, shi gidan fito yake gare su: wurin da talaka zai zauna a san da zamansa. Shi ma yana ja da baya. Abin da ke maye gurbinsa shi ne kwantenar ƙarfe a bakin titi, da barasa mai ƙarfi mai arha, da lasifikar da ba ta barin kowa ya ji maganar wani, da mai sayarwa wanda bai san sunanka ba balle ya kore ka gida. Ko malamin da ya fi kowa wa'azi a kan giya, in ya duba da idon basira, ya san ba a ci riba a wannan canji ba.

Ingilishi da suka mulke mu sun fahimci darajar irin wannan wuri a ƙasarsu. A birnin Landan akwai wata tsohuwar mashayar unguwa mai suna Carlton Tavern, wadda ta tsira daga ruwan bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu. A 2015 kamfanin da ya saye ta ya rushe ta ba da izini ba. Mutanen unguwa suka tashi tsaye, majalisar yankin Westminster ta ba da umarnin a sake gina ta yadda take, bulo bayan bulo, kuma a 2021 aka sake buɗe ta. Ba fadar sarki ba ce, ba a yi yaƙi a cikinta ba. Wurin zaman mutanen unguwa ne, suka ce ya isa dalili. Mu a Ghana, abin da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya shi ne ganuwoyin Turawa na bakin teku a 1979, da gine-ginen gargajiya na Asante a 1980. Daga arewa babu ko ɗaya. Ban damu da UNESCO ba kamar yadda na damu da cewa mu kanmu ba mu da jerin namu, ko a takardar makaranta.

Aikin rediyo ya sa na ga abin da rashin waɗannan ɗakuna yake haifarwa. Rikicin sarautar Bawku tsakanin Kusasi da Mamprusi ya faro tun ƙarshen shekarun 1950, yana lafawa yana tashi, kuma ba a wannan rubutu za a yanke shi ba. Amma duk lokacin da ya tashi aka sa dokar hana fita, abin da ke fara mutuwa shi ne hirar dare. Dakali ya zama kango tun magariba, masu shayi su kife tukunya, kowa ya shige ɗaki da wayarsa. Daga nan sai labari ya koma yawo ta saƙon murya na WhatsApp, ba a san wanda ya faɗa ba, ba a san inda ya gani ba. In muka buɗe layi a shirinmu, mutum zai kira ya ɓoye sunansa ya faɗi maganar da ba zai iya faɗa a zaure ba. A zaure in ka yi ƙarya akwai dattijon da zai ce maka, "Yaro, ina wurin." In ka zagi ƙabilar wani, gobe da shi za ku haɗu a wurin suna. Sau da yawa yatsana yana kan maɓallin katse kira, ina tunanin aikin da tabarma ɗaya take yi a da, yanzu ga mu da injuna muna fama. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A Bawku bangon da ya tsage har da na gaske.

Ba na mafarkin a mayar da mutane ɗakin ƙasa dole. Abin da nake roƙo kaɗan ne, kuma ba ya jiran gwamnati. In za a raba gidan gado, magada su fitar da zaure daga rabo su bar shi wakafi, kamar yadda ake barin rijiya. 'Yan'uwan da ke Kumasi da Turai, waɗanda ba sa ƙyashin turo kuɗin biki, su ware na yaɓe sau ɗaya a shekara, a sa rana, a dafa abinci, a gayyaci maƙwabta ko wane yare suke ji. A nemi tsofaffin maginan da suka rage a haɗa su da samari tun hannunsu yana iya nuni. Mu kuma masu makirufo mu shiga gidajen nan mu naɗi muryar tsofaffi suna faɗin wanda ya gina, da wanda ya sauka, da abin da aka sasanta a ciki. Na fara wannan a shirina, kuma abin da ya ba ni mamaki shi ne waɗanda suka fi kira bayan an sa muryar ba tsofaffi ba ne, jikokinsu ne da ke kudu, suna tambaya ko ɗakin yana nan.

A Kulungugu akwai zaure ɗaya na dangin mahaifiyata da har yanzu yake aikinsa. Kawuna da ke riƙe da shi ya tsufa, idonsa ya yi rauni, amma direban da takardarsa ta maƙale a iyaka, ko ɗan Nijar mai albasa da motarsa ta lalace, yaran tasha sun san inda za su nuna masa. Ba a tambayarsa ƙabila, sai dai a ce ya ci abinci ko bai ci ba. Bangon gabas ya tsage tun daga sama har kusan dakali, za ka iya zura hannu. Da na yi masa maganar, sai ya ce, "Ɗana, ni na gama nawa yaɓen. Saura ku." Mun yi magana da 'yan'uwa, mun sa Asabar ta biyu a watan Maris. An samu mai kawo ƙasa, wata tsohuwa a maƙwabta ta ce ɓawon ɗorawa yana wuyanta. Wanda hanya ta biyo da shi ta iyakar a ranar, ya tuɓe takalmi ya shigo kwaɓi, akwai tuwo.